Me ya sa ranar ƙarshe ta kakar besbol take hautsina Amurkawa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ban daɗe da zuwa Boston ba. A ƙarshen watan Satumba na ga wasu da muke aiki tare sun koma kamar waɗanda aka yi wa rasuwa, wasu kuma baki har kunne, duk a kan wasan besbol na ranar ƙarshe. Na tambaya ko kofi aka ɗauka, suka ce a'a, maganar kofi sai nan gaba. Kuma da an taɓo zancen sai ka ji wani ya ce kada a tuna masa da 2011. An ce mini kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa. To ta yaya wasa ɗaya cikin 162 zai tayar wa mutane hankali haka? Ni na san Firimiya, na san ranar Aguero, amma wannan ban gane kansa ba."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka gida biyu ce: me ya ba wasa ɗaya wannan nauyi a gasar da ake buga wasa 162, sannan me ya faru a 2011 da har yau mutanen garin da kake ba sa son a ambata. Na daɗe zaune a yankin Baltimore, ina alƙalancin wasannin besbol na yara a ƙarshen mako, kafin nan kuma ni ke riƙe littafin maki na ƙungiyar yaran unguwarmu. Da wannan idon zan amsa maka. A ganina, yawan wasannin nan da kake tsammanin zai rage wa ranar ƙarshe daraja, shi ne ma ya ɗora mata nauyin.

Yadda gasar take

Babbar gasar, MLB, tana da ƙungiyoyi 30, 29 a Amurka, ɗaya a Toronto ta Kanada. An raba su ɓangare biyu, American League da National League, kowane ɓangare kuma yana da rukuni uku. Ana farawa a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, a yi ta bugawa kusan kullum har ƙarshen Satumba. Nan ne ka fara rabuwa da Firimiya. A Ingila wanda ya gama a saman tebur shi ne zakara, na ƙasa kuma su faɗa rukuni na biyu. A nan babu faɗawa, kuma gama kaka a sama ba ya ba ka kofi. Wata shidan nan duk tankaɗe da rairaya ne don a fitar da waɗanda za su shiga zagayen Oktoba, inda ake karawa har a kai World Series, karawar ƙarshe ta ɗaukar kofi. A 2011 ƙungiyoyi 8 kacal ke shiga: zakarun rukuni uku a kowane ɓangare, sai gurbi na huɗu da ake ba wadda ta fi yawan nasara cikin waɗanda ba su ci rukuninsu ba. Wannan gurbi na huɗu shi ne bakin zaren labarinmu.

Abin da wasa 162 yake koya wa mai goyon baya shi ne haƙuri. A besbol ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi ma tana shan kashi sau 60 a shekara. Philadelphia Phillies, da suka fi kowa a 2011, sun ci 102 aka ci su 60. Houston Astros, kurar baya a shekarar, duk da haka sun ci 56. Don haka idan an doke ƙungiyarka ranar Talata a watan Mayu, ba ka fasa cin tuwonka, gobe ma akwai wasa, jibi ma haka. Mutum yana shafe wata biyar yana cewa akwai gobe. Ranar ƙarshe ce kaɗai ba ta da gobe. Idan kuma aka zo wannan rana ƙungiyoyi biyu suna kunnen doki, duk rashin nasarar da aka kau da kai a kanta tun Afrilu sai ta dawo a lissafa ta. Boston Red Sox sun buɗe kakar 2011 da rashin nasara 6 a jere. A lokacin an ce ai yanzu aka fara. Daren 28 ga Satumba kowa ya tuna da su.

Wasan da ba a cinye lokaci

Dalili na biyu yana cikin dokar wasan. Wasa zagaye 9 ne. A kowane zagaye ɓangare ɗaya yana jifa yana tsaron fili, ɗayan yana bugu da sanda, sai an fitar da masu bugu uku a yi musanya. Mai bugu kuma kuskure uku yake da shi kafin a fitar da shi. Ana cin maki ne idan mai bugu ya zagaye zango huɗu na fili ya dawo inda ya fara, bugun da ya tsallake katanga kuma yana ba shi maki tare da duk abokansa da ke kan zango. Ba a ƙayyade tsawon wasan da agogo ba. A ƙwallon ƙafa idan kana gaba da ci ɗaya a minti na 88, ka san dabarun: a kai ƙwallo kwana, gola ya rungume ta ya kwanta, wanda aka canza ya fita yana jan ƙafa. A besbol babu wannan mafaka. Sai ka fitar da mutum 27, kuma na 27 ɗin dole ka jefa masa ƙwallo inda sandarsa za ta iya kaiwa.

Ina ganin wannan kusan kowane mako ina tsaye bayan mai cafe ƙwallo. An fitar da biyu a zagayen ƙarshe, mai bugu ya yi kuskure biyu, iyaye sun fara naɗe kujerunsu suna neman mukullin mota. Yaron da ke jifa kuwa, ina hango hannunsa daga inda nake, yana ta goge tafinsa a wando. Ya san babu wanda zai hura usur ya cece shi. Sau da yawa jifan da zai biyo baya yakan faɗi ƙasa kafin ya iso, ko ya tafi sama, domin yana son ya yi jifan da ya fi ƙarfinsa. Wasan yara ba na ƙwararru ba ne, kuma a namu akan sa iyakar lokaci don a ba wasu fili, amma yanayin nan na saura jifa ɗaya iri ɗaya ne daga ƙasa har sama. Ka riƙe shi, don sau biyu za ka gamu da shi a ƙasa.

Daren 28 ga Satumba, 2011

A ranar 3 ga Satumba Red Sox suna gaban Tampa Bay Rays da tazarar wasa 9 a neman gurbi na huɗu. Masu lissafi sun ba su fiye da kashi 99 cikin 100 na shiga. A ɗaya ɓangaren, Atlanta Braves sun ba St. Louis Cardinals tazarar fiye da wasa 10 a ƙarshen Agusta. Sai Satumba ta juya musu baya. Boston suka ci 7 aka ci su 20, Atlanta suka ci 9 aka ci su 18. Da aka wayi gari ranar Laraba ta ƙarshe, Boston da Tampa Bay kowa yana da nasara 90 da rashin nasara 71, Atlanta da St. Louis kowa 89 da 72. Ba da juna za su kara ba. Wasa huɗu ne a garuruwa huɗu, kowa ido ɗaya a filinsa, ɗaya a allon da ke nuna sakamakon wasu wurare.

Na St. Louis bai ɗauki lokaci ba. Sun lallasa Houston 8 da 0, Chris Carpenter ya yi jifa tun daga farko har ƙarshe, suka koma ɗakin sauya kaya suka zuba wa talabijin ido. A Atlanta, Braves suna gaba 3 da 2 a zagaye na 9, ƙwallo a hannun Craig Kimbrel, sabon shiga da ya kafa tarihin sabbin shiga na rufe wasa 46 a shekarar, wato yin jifan ƙarshe don kare nasara. Jifansa ya ƙi saiti, Phillies suka farke, aka tafi ƙarin zagaye, a na 13 Hunter Pence na Phillies ya buga wata ƙwallo marar ƙarfi da ta sulale ta kawo maki. Atlanta suka fita 4 da 3.

Na ɓangaren American League shi ne wanda ake ba da labari. A St. Petersburg ta jihar Florida, New York Yankees sun yi wa Rays 7 da 0 tun kafin a yi nisa, 'yan kallo da yawa suka kama hanyar gida. A Baltimore kuma Boston suna gaban Orioles 3 da 2 a zagaye na 7, sai ruwan sama ya tsinke, aka tsayar da wasa na awa 1 da minti 26. 'Yan wasan Boston suka shiga ciki da zaton ko da sun sha kashi ma, mafi muni shi ne wasan raba gardama washegari. Suna zaune gaban talabijin Rays suka ci maki 6 a zagaye na 8, uku daga ciki da bugu ɗaya na Evan Longoria da ya tsallake katanga. A zagaye na 9 an fitar da biyu, koci Joe Maddon ya tura Dan Johnson, mutumin da rabonsa da bugu mai kyau a babbar gasa tun 27 ga Afrilu, wanda ya shafe mafi yawan shekarar a ƙaramar gasa. Ya yi kuskure biyu, saura jifa ɗaya. Ya ɗaga ƙwallo ta bi layin dama ta tsallake katanga da ƙyar, 7 da 7.

Ruwa ya ɗauke aka koma fili a Baltimore. A shekarar, sau 77 Boston suka shiga zagaye na 9 suna gaba, ba a taɓa cin su ba. Jonathan Papelbon, mai rufe wasa na Boston, ya fitar da biyun farko. Chris Davis na Orioles ya buga ya kai zango na biyu. Nolan Reimold ya yi kuskure biyu, nan ma saura jifa ɗaya, ya buga aka yi 3 da 3. Sai Robert Andino ya bugo wata ƙasa-ƙasa zuwa hagu, Carl Crawford na Boston ya zame don ya cafe, ta taɓa safar hannunsa ta faɗi. Ƙarfe 12:02 na dare ke nan. Sakamakon ya bayyana a allon filin Rays, waɗanda suka rage suka ɓarke da ihu. Ƙarfe 12:05, a zagaye na 12, Longoria ya buga wata da ta bi layin hagu ta haye katanga a daidai inda ta fi gajarta. Minti uku tsakanin faɗuwar Boston da rufe musu ƙofa. A Najeriya da Nijar lokacin ƙarfe biyar da 'yan mintuna na asuba ne.

Akwai wani ƙarin gishiri da mutanen Florida ba sa gajiya da faɗa. Crawford ɗan Rays ne shekara da shekaru kafin Boston su ɗauke shi da kwantiragin dala miliyan 142 na shekara 7, kuma wannan gajeren sashe na katanga an rage masa tsawo ne tun yana can, don ya riƙa tsalle yana cafe ƙwallon da ke shirin fita. Kuɗin albashin Boston a shekarar ya haura dala miliyan 160, na Rays bai kai miliyan 45 ba.

Abin da magoya baya suka yi

Mafi ban mamaki shi ne yadda goyon baya ya rikiɗe. Gabar Boston da Yankees tsohuwa ce mai zafi a wannan wasa, amma a daren mutumin Boston ya zauna yana yi wa Yankees fatan nasara da zuciya ɗaya, ɗan New York kuma da yawa suna fatan a ci ƙungiyarsu don Boston ta fita. Yankees sun riga sun ci rukuninsu, ba abin da za su rasa, don haka suka yi ta canza masu jifa har 11, ba su sa Mariano Rivera, gwaninsu na rufe wasa, ya rufe wasan ba. Har yau akwai 'yan Boston da ke cewa da gangan aka yi. Ni ban ga laifin koci da ya hutar da manyan 'yan wasansa kwana biyu kafin zagayen Oktoba ba, kuma ƙungiyar da ke son a ci ta ba ta fara yin 7 da 0.

Na Baltimore kuwa a gabana aka yi. Orioles sun gama a ƙarshen rukuni da 69 da 93, shekara 14 ke nan a jere ba su gama kaka da nasara fiye da rashin nasara ba. Duk lokacin da Boston suka zo, magoya bayansu kan cika Camden Yards, filin Orioles, har su danne muryar masu gida. A daren muna falon wani maƙwabcina, dattijo ne da ke sauraron sharhin rediyo yana kallon talabijin da aka kashe wa murya, littafin maki a cinyarsa da fensir a bayan kunne. Da ƙwallon Andino ta faɗi bai yi ihu ba. Sai da ya cire fensirin ya cike gurbin makin a littafi, ya rubuta 4 da 3, sannan ya miƙe ya buɗe ƙofa yana kiran mutanen layi. A fili kuma 'yan wasan Orioles sun danne Andino a ƙasa kamar sun ɗauki kofi. Wani zai ce wannan ai a-fasa-kowa-ya-rasa ne. Akwai ƙamshin haka, ba na musu. Amma mutumin da ya shekara 14 yana kallon wasannin Satumba marasa amfani, ranar nan ƙasa gaba ɗaya ta juyo tana kallon filinsa, kuma ƙungiyarsa ta doke Boston sau 5 a karo 7 na ƙarshe da suka yi. A 2012 suka ci 93 suka shiga zagayen Oktoba, kuma a nan garin da yawa suna fara ƙirga farfaɗowar daga wancan dare.

Mutanen garinka ciwonsu ya fi zurfi saboda tarihi. Daga 1918 zuwa 2004 Red Sox ba su ɗauki World Series ba, shekara 86. A 1978 sun ba Yankees tazarar wasa 14 a watan Yuli, aka kamo su, aka doke su a wasan raba gardama a gidansu. A 1986 saura jifa ɗaya su ɗauki kofi ya kuɓuce. Kofunan 2004 da 2007 sun sa an ɗauka an rabu da wannan ƙaddara, sai 2011 ta fama tsohon miki. Kwana biyu bayan wasan koci Terry Francona, wanda ya kawo kofunan biyu, ya bar aiki, a watan Oktoba babban manaja Theo Epstein ya koma Chicago Cubs. Jaridar Boston Globe ta buga rahoton cewa wasu masu jifa kan zauna a ɗakin sauya kaya suna cin soyayyar kaza suna shan giya ana tsakiyar wasa a ranakun da ba su da aiki. Shi ke nan gari ya samu abin kamawa.

Laifin wa?

A nan nake rabuwa da yawancin masu sharhin bakin titi. Mai goyon baya yana son fuska ɗaya da zai ɗora wa laifi: Papelbon, Crawford, Kimbrel, ko masu cin kaza. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin maki ya san wasan ƙarshe shafi ɗaya ne. Idan ka buɗe shafukan Satumba na Boston, abin da za ka gani shi ne masu fara jifa suna ba da fiye da maki 7 a kowane zagaye 9, alhali biyu daga masu fara jifansu, Clay Buchholz da Daisuke Matsuzaka, suna jinya. Duk watan ba su ci wasa biyu a jere ba. Sun haɗu da Rays sau 7 a Satumba aka ci su 6, wato da hannunsu suka miƙa tazarar. A Atlanta ma biyu daga manyan masu fara jifa, Jair Jurrjens da Tommy Hanson, suna jinya, masu rufe wasa kuma an yi ta aiki da su: Kimbrel ya fito a wasa 79, Jonny Venters a 85. Hannu nama ne, yana gajiya.

Shin tsoro da matsin lamba sun taka rawa? Ina zargin haka, don na ga yadda ƙungiyar yara kan sandare idan ta fara jin ana kamo ta. Amma daga wurin zaman 'yan kallo ba a auna zuciyar ƙwararren ɗan wasa, kuma labarin kaza da giya da ƙungiyar ta ci wasa ɗaya tak fiye da yadda ta ci, da wataƙila babu mai jin sa. Masanin lissafi Nate Silver ya haɗa abubuwan da suka faru ya ce yiwuwarsu kusan 1 cikin miliyan 278 ce. Lissafi ne mai daɗin faɗa, sai dai an zaɓi lokutan da aka ninka ne bayan an riga an san ƙarshen labari.

Abin da ya biyo baya ya ƙara wa daren suna. Phillies, da suka dage suka fitar da Atlanta, su suka buɗe wa Cardinals ƙofa, Cardinals ɗin kuma suka fitar da su a zagayen farko, Carpenter ya doke su 1 da 0 a wasa na biyar. Daga nan St. Louis suka wuce har suka ɗauki World Series a hannun Texas Rangers. Rays kuwa, bayan duk wannan, Texas ta sallame su cikin wasa huɗu.

Yau ma haka abin yake?

Ba daidai ba. A 2012 an ƙara gurbi, ƙungiyoyi suka zama 10, a 2022 suka zama 12, aka kuma soke wasan raba gardama, yanzu sakamakon karawar da ƙungiyoyin suka yi da juna ake dubawa. Da tsarin 2012 aka yi amfani da shi a 2011, da Boston da Tampa Bay da Atlanta da St. Louis duk sun shiga, da daren nan bai zama komai ba. Ƙarin gurbi ya sa garuruwa da yawa suna da abin fata har ƙarshen Satumba, masu ƙungiyoyi kuma suna sayar da tikiti, amma a ra'ayina ya rage wa wata shidan daraja, tunda Arizona Diamondbacks sun kai World Series a 2023 da nasara 84 kacal. Gyara ɗaya da na yaba shi ne wanda aka fara a 2015, na fara duk wasannin ranar ƙarshe lokaci guda, wajen ƙarfe 3 na rana agogon gabashin Amurka, 8 na dare a gida, kamar yadda ka sani a Firimiya.

Rikicin dai bai ƙare ba. A 2024 guguwar Helene ta sa an ɗage wasa biyu tsakanin New York Mets da Braves zuwa Litinin 30 ga Satumba, bayan kowa ya gama nasa. Idan suka raba, su biyun sun shiga, Arizona ta fita. Mets suka ci na farko 8 da 7 da bugun Francisco Lindor a zagaye na 9, Braves suka ci na biyu 3 da 0. Ƙungiyoyin uku duk sun gama da 89 da 73, kuma magoya bayan Arizona suna gida gaban talabijin aka fitar da su a ranar da ƙungiyarsu ba ta buga ko jifa ɗaya ba.